.308 ko .30-06: Wanne Ya Fi Dacewa da Farautar Manyan Namun Daji?

Baban Hanifa (Agege):

Assalamu alaikum, masana. Shawara nake nema. A watan Yuli, in Allah Ya yarda, akwai tafiyar farauta daga nan Legas zuwa lardin Limpopo na Afirka ta Kudu. Masu shirya farautar sun ce ba sai mutum ya je da bindigarsa ba, suna ba da haya, kuma guda biyu ne a hannunsu: ɗaya mai cin harsashin .308 Winchester, ɗaya mai cin .30-06 Springfield. Namun da ke cikin yarjejeniya su ne kudu, gwambaza, jakin dawa, wildebis da impala (kudu, wildebis da impala namun daji ne masu ƙaho, dangin gwanki da barewa). Sun ce in zaɓi bindiga tun yanzu don su tanadi harsashi. Wacce ta fi? Kuma mene ne ainihin bambancinsu, tunda duka biyun da 30 suka fara?

Injiniya Ɗan Obalende:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya kai ku lafiya. Bari in fara da abin da ya haɗa su, don mutane da yawa ba su san cewa ƙwayar da ke fita daga bakin bindigogin nan biyu iri ɗaya ba ce. Kaurinta inci 0.308, wato milimita 7.82. Kamfani zai ƙera ƙwaya mai nauyin giren 180 (giren shi ne ma'aunin nauyin ƙwayar harsashi), ya ɗora wasu a kan kwanson .308, wasu a kan na .30-06. Bambancin duk a baya yake, a kwanson da ke ɗauke da albarushi.

.30-06 shi ne babba a shekaru. Sojan Amurka ya karɓe shi a 1906, da shi suka yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Tsawon kwansonsa milimita 63, harsashin gaba ɗaya kusan milimita 85. Shi kuwa .308, kamfanin Winchester ne ya fito da shi kasuwa a 1952, shekara biyu kafin ƙungiyar tsaro ta NATO ta ɗauki ɗan'uwansa na soja, 7.62x51. Kwansonsa milimita 51, tsawonsa duka milimita 71. Cikin kwanson .30-06 ya fi na .308 faɗi da kusan kashi 20 cikin 100, amma kada a ɗauka ƙarfinsa ma ya fi da kashi 20. Ƙarin albarushi ba ya komawa gudu ɗaya bisa ɗaya, sannan an yarje wa .308 matsi mai ɗan yawa a cikin bututu, fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci, alhali na .30-06 fam 60,000 ne.

Ga abin da kamfanoni suka saba rubutawa a kwali, da bututu mai tsawon santimita 61. Ƙwaya mai giren 150: .308 yana fitar da ita da gudun mita 860 a sakan ɗaya, .30-06 mita 887. Mai giren 165: mita 823 da mita 853. Mai giren 180, wadda nauyinta giram 11.7 ne: mita 799 da mita 823. In ka juya na ƙarshen zuwa ƙarfin duka, .308 yana ba da jul 3,700 da 'yan kai, .30-06 kuma kusan jul 3,950. Tazarar ba ta wuce kashi 6 ko 7 cikin 100 ba. Domin ka san matsayin waɗannan alƙaluma, a Namibiya doka ta sa jul 2,700 a matsayin mafi ƙaranci ga nama irin su kudu da jakin dawa. Ka ga duka biyun sun wuce da nisa.

Wajen saukar ƙwaya ma haka. In an saita madubin hange da ke kan bindiga a mita 200 da ƙwayar giren 180 mai tsini, a mita 100 za ta bugi sama da santimita 6 zuwa 7, a mita 300 ta .30-06 za ta sauka ƙasa da kimanin santimita 26, ta .308 kimanin 28. Faɗin yatsa ɗaya ko biyu ke nan. A Limpopo kuwa dajin ƙaya ne mai sarƙaƙiya, yawancin harbi tsakanin mita 50 ne zuwa 150. A wannan tazarar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Inda .30-06 yake nuna fifikonsa na gaskiya shi ne ƙwaya mai nauyi, giren 200 zuwa 220. Tunda kaurin bai canzawa, ƙarin nauyi ƙarin tsawo ne. Gidan harsashin .308 ba ya karɓar abin da ya wuce milimita 71 da ɗan wani abu, saboda haka dole a tura doguwar ƙwayar can cikin kwanso, ta cinye wurin albarushin da dama can bai da yawa. Ga kuma murɗin da ke cikin bututu, wanda ke juya ƙwaya don ta tafi a miƙe: a .30-06 zagaye ɗaya ne cikin inci 10, a tsofaffin .308 da yawa zagaye ɗaya cikin inci 12, wanda ba koyaushe yake iya riƙe doguwar ƙwaya ba. In bai riƙe ta ba, za ka ga ramin da ta yi a takarda ya zama dogo maimakon da'ira, alamar ta shiga a karkace. Ga jerin namun da ka ambata, giren 180 ya wadatar, kuma duka biyun suna ɗaukarsa lafiya lau.

Tsohon Maharbi (Mile 12):

Injiniya, lissafinka ya fita, ba ni da ja. Amma Alhaji, ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar da ya kamata ka mayar wa mutanen nan ita ce: wace irin ƙwaya ce a kan harsashin da za su ba ka? Ita ce kaɗai ke taɓa naman. Kwanso a ƙasa yake faɗuwa.

Ƙwayar farauta ta talaka dalma ce a cikin siririyar rigar jan ƙarfe, bakinta a buɗe. Tana aiki a kan impala, wanda namijinsa bai fi kilo 50 zuwa 70 ba. Matsalar tana tasowa ne in mai giren 150 irin wannan ta haɗu da ƙashin kafaɗar jakin dawa mai kilo 300 a tazarar mita 50, tana gudun sama da mita 800 a sakan. Rigar takan tsage ta rabu da dalmar, dalmar ta farfashe. Sai a sami rauni mai faɗi amma marar zurfi, wataƙila huhu ɗaya kawai aka taɓa. Dabbar da ke da huhu ɗaya lafiyayye za ta yi tafiyar kilomitoci. Abin lura, a nan ƙarin gudun .30-06 illa ne, ba amfani ba: da ƙwaya mai araha, .308 ya fi sassauta mata, don bai wuce abin da za ta iya jurewa ba.

Saboda haka ka nemi ɗaya daga cikin iri uku. Akwai mai katanga a tsakiya, irin Nosler Partition da aka fara yi tun 1948: gabanta ya buɗe ya yi ɓarna, bayanta ya tsaya cur ya ci gaba da kutsawa, takan riƙe kusan kashi biyu cikin uku na nauyinta. Akwai wadda aka manne dalmarta da rigar, irin Swift A-Frame da Norma Oryx, tana buɗewa kamar laima amma ba ta rabuwa. Akwai kuma ta jan ƙarfe zalla, irin Barnes TSX, wadda kusan ba ta rasa komai na nauyinta. Wannan ta ukun tana da sharaɗi. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ta fi tsawo, kuma tana son gudu kafin ta buɗe sosai, aƙalla mita 600 a sakan lokacin da ta isa jikin dabba. Shi ya sa a .308 ake sauka zuwa giren 150 ko 165 in da ita za a yi aiki, ba 180 ba. Abin da ba za ka karɓa ba ko kyauta ne: ƙwayar soja mai rufaffen baki, wadda ke hudawa kamar allura ta wuce, da ƙwayar gasar harbin takarda. Ita ta gasar, kamfanin Sierra da kansa ba ya ba da shawarar a yi farautar manyan namu da MatchKing ɗinsa.

Dalilin da ya sa muke nacewa a kan kutsawa shi ne ramin fita. Ramin shiga ƙarami ne, fata takan zame ta rufe shi, jinin ya taru a ciki. Ramin fita shi ke zubar da jinin da masu bin sawu za su bi. Ka kuma sani, ƙa'idar gonakin farauta a can ita ce in an ga ɗigon jini ko ɗaya, ka biya kuɗin dabbar gaba ɗaya, an same ta ko ba a same ta ba. Ban da kuɗi ma, barin dabba da rauni a daji zalunci ne, mai tsoron Allah ba ya wasa da shi.

Sai inda za ka sa ƙwayar. Zuciya da huhun namun dajinmu na Afirka gaba suke, tsakanin kafaɗu biyu, kuma ƙasa-ƙasa. Wanda ya harba bayan kafaɗa da nisa, tumbi zai samu. In dabba ta ba ka gefe, ka bi ƙafar gaba da ido ka hau sama, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki daga ƙasa. In ta ɗan juya maka baya, ka nufi ƙafar gaba ta ɗaya gefen, wadda kake hangowa ta ƙarƙashin ciki. In ta ɗan fuskanto ka, ka nufi kan ƙashin kafaɗar da ke kusa da kai, kuma a nan ne ƙwaya mai ƙwari take biyan kuɗinta. Wildebis ya fi kowa yaudarar baƙo. Yana da tozo da geza, sai ido ya ɗauka tsakiyar jikinsa sama take. Ƙwaya ta bi ta saman ƙashin baya, ya faɗi warwas kamar ya mutu, kuna gaisawa ya miƙe ya shige daji. Duk dabbar da ta faɗi nan take, ka sake ɗana bindiga ka tsaya a kanta da saiti.

Kudu duk da girmansa, namiji kan kai kilo 200 zuwa 270, ba shi da taurin rai. Jakin dawa da wildebis da gwambaza su ne masu taurin kai, su za a yi wa tanadi. Ni a ganina, in duka bindigogin sun zauna maka daidai a kafaɗa, .30-06 da giren 180 mai ƙwari zan nuna maka, saboda ɗan rarar da yake ba ka in kusurwa ta lalace.

Barista (Ikeja):

Alhaji, ka yi dabara da ka zaɓi haya. Ina so in ja hankalin masu karantawa, kada wani ya ga wannan hira ya shiga neman irin waɗannan bindigogi a nan gida.

Dokar Makamai ta 1959, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko haramtattu ne, ba mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa, kuma a cikin jerin an ambaci bindigogin soja masu awon milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303. To, .308 ɗan'uwan 7.62x51 ne, .30-06 kuma a awon milimita 7.62x63 ake kiransa. Kashi na biyu, wanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsa, ya haɗa da bindigar farauta mai watsa ƙwayoyi, da bindigar iska, da bindigogin farauta masu awon da ba ya cikin wancan jerin na farko. Ka ga ke nan awon da muke magana a kai bai faɗo cikin kashi na biyu kai tsaye ba. Kashi na uku su ne bindigogin toka, na Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Harsashi ma doka ɗaya ce ta hau kansa: mallakarsa ba lasisi laifi ne, ko guda ɗaya ne. Don haka ranar dawowa ka zazzage aljihun riga da na wando da kowane lungu na jaka. Harsashi ɗaya da ya maƙale a aljihun jaket ya isa ya tsayar da kai a filin jirgin OR Tambo ko na Murtala Muhammed. Ko kwanson da aka riga aka harba kada ka ɗauko don tarihi, bai kai wahalar bayanin da za ka yi ba.

A gida kuma, an hana farauta a gandayen dajin tarayya irin su Gashaka Gumti, Tafkin Kainji, Kamuku da Old Oyo, haka nan Yankari da ke hannun jihar Bauchi. Gwanki da kanki da ɓaunan da suka rage mana ba su da yawan da za a taɓa. Ƙaho da fata in kana son a aiko maka, ka bar kamfanin da ke gyaran fatu ya bi ta hanyar takardun fitarwa da na likitan dabbobi, kada ka sako su a jakarka.

Sajan Mai Ritaya (Ojo):

Gaisuwa ga manya. Baba Maharbi, a yi mini afuwa, a nan zan ɗan saɓa maka. Alhaji a Legas yake zaune, ba shi da inda zai riƙa gwajin babbar bindiga kafin tafiya. Mutumin da hannunsa bai saba ba, abin da zai ɓata masa farauta ba ƙarancin jul 250 ba ne, tsoron bugun bindiga ne.

A bindiga mai nauyin kilo 3.6 da ƙwayar giren 180, bugun da .308 ke mayarwa kafaɗa kusan jul 24 ne, na .30-06 kusan jul 27. Na biyun yana gab da iyakar abin da yawancin mutane ke jurewa ba tare da jikinsu ya fara tsarguwa ba. Da jiki ya tsargu, sai mutum ya riƙa runtse ido yana fizgar kunama, yana tura kafaɗa gaba kafin harsashi ya tashi. Ƙwaya ta tafi ƙasa, ga na-dama yawanci ta karkata hagu. Shi mai harbin ba ya sanin yana yi, don ƙarar tana ɓoye masa. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka ba jagoran farauta bindigar ya ɗana maka kana kallon wani wuri, wani lokaci ya sa harsashi, wani lokaci ya bar ta fanko. In ka ja kunama a fanko bakin bindiga ya yi sujada, an gano cutar.

Sai dai a kula, sunan harsashi kaɗai ba ya faɗa maka bugun. Nauyin bindiga ne ke shanye shi. Wannan .308 ɗin in aka sa shi a bindiga mai kilo 3, bugunsa zai haura jul 28, ya wuce na .30-06 mai kilo 3.6. Saboda haka ka tambaye su nauyin kowacce da madubinta. Ana kuma yawan cewa .308 ya fi don sakatarsa, wato ƙarfen da ake ja a ɗana harsashi, gajera ce, ta fi saurin ja. Bambancin bai fi santimita ɗaya da 'yan kai ba, kuma a wasu bindigogi, kamar Tikka T3, tsawon gidan sakatar ɗaya ne ga duka biyun. Abin da ke faruwa da gaske shi ne mutum ya firgita bai ja sakata har ƙarshe ba, ya mayar da ita ba ta ɗauko sabon harsashi ba. Maganinsa ka ja da ƙarfi har ta tsaya da kanta, ka tura da ƙarfi.

Ranar farko za su kai ka filin gwaji. Kada ka yarda a yi shi a gurguje. Da farko ka karanta awon da aka buga a jikin bututu, ka karanta na gindin harsashi, su zo ɗaya. A sansanin da ke da bindigogi iri-iri wannan ba wasa ba ne. Harsashin .308 yana iya shiga ɗakin .30-06 tunda ya fi shi gajarta, kuma yana cikin haɗe-haɗen da aka hana. Mafi muni shi ne .308 a cikin .270 Winchester, ko harsashin 8x57 a cikin .30-06, inda ƙwayar ta fi ramin bututu kauri. Bindiga takan fashe a fuska. Aljihu ɗaya, harsashi iri ɗaya.

Bayan haka ka sa abin toshe kunne, ka zauna a teburi, bindiga a kan buhun yashi, katakon gaba ne zai hau buhun ba bututun ba. Ka harba uku a mita 100, kana ba da tazarar minti ɗaya ko biyu don bututu ya huce. Tsakiyar ukun za ka auna, ba wadda ta fi kyau ba. Yawancin madubai danna ɗaya na maɓallin gyara saiti santimita 0.7 ne a mita 100, na Turai da yawa santimita 1, a jikin murfin ake rubutawa. Ga dajin Limpopo, ƙwaya ta bugi santimita 3 zuwa 4 sama da tsakiya ya isa, ba ka da wani lissafi har kusan mita 200. In ukun sun warwatse fiye da tafin hannu, kafin ka zargi kanka ka sa a duba kusoshin da ke riƙe madubi da na ƙota. Bindigar haya tana shan jijjiga a bayan mota.

Daga nan ka tashi daga teburi ka harba a tsaye a kan sanduna uku, don a kansu za ka yi harbin gaske. Ƙafafu a buɗe, jiki ya ɗan rinjaya gaba, hannun hagu ya riƙe katakon gaba tare da mahaɗar sandunan. Tazarar da za ka iya sa ƙwaya uku cikin da'ira mai faɗin santimita 15, ita ce iyakarka, ka gaya wa jagora ita ba kunya. Wannan tsayuwar kana iya koyonta tun a Agege da gora uku da aka ɗaure da roba da wata sanda mai nauyi.

Abu biyu ƙanana. Yuli tsakiyar hunturu ne a can, da asuba sanyi kan sauka kusa da sifiri, ba irin hazo-hazon Legas ba. Za ka sa jaket mai kauri, shi kuma yana ƙara nisan ƙota daga kafaɗa, sai ka ga baƙin zobe a cikin madubi. Ka yi gwajin da rigar da za ka shiga daji da ita, ido ya kasance santimita 8 zuwa 9 daga madubi, in ya matso madubin zai tsaga maka gira. Sannan ka bar ƙarfin madubi a 3 ko 4 kana tafiya. Wanda ya bar shi a 9, kudu ya fito masa a mita 40, gashi kawai zai gani.

Ni .308 zan ce, sai fa in ta fi ɗayar rashin nauyi sosai.

Baban Hanifa (Agege):

Allah Ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na tambaye su. Ta .308 bututunta santimita 51 ne, da abin rage ƙara a baki, harsashinta giren 165 mai mannanniyar dalma. Ta .30-06 bututu santimita 61, ba abin rage ƙara, giren 180 Partition. Sun kuma ce ana iya ƙara eland, wato babban naman daji dangin gwanki, in an samu dama. Shin gajeren bututun bai rage ƙarfi ba? Ɓauna fa, in hali ya yi?

Injiniya Ɗan Obalende:

Ya rage, Alhaji, amma ba yadda za ka ji tsoro ba. Kowane inci da aka yanke yana cin kimanin mita 6 zuwa 9 a sakan. Inci huɗu ke nan aka rage, ka cire kusan mita 30. Giren 165 zai fita da kimanin mita 790, ƙarfinsa jul 3,300 da ɗoriya. .308 ya fi .30-06 jure gajeren bututu, don albarushinsa kaɗan ne kuma mai saurin ci. Abin rage ƙarar kuwa halas ne a dokar Afirka ta Kudu, kuma babbar riba ce: yana ƙara nauyi a gaba, yana tare iskar da ke fita, bugu ya ragu sosai, kunne ya huta. Rabin tsarguwar da Sajan ya bayyana daga ƙara take zuwa, ba daga kafaɗa ba. Sharaɗi ɗaya: yadda aka saita bindigar, haka za a yi farauta da ita. In aka kwance shi ko ya saki, inda ƙwaya ke sauka yana canzawa. Kowace safiya ka murɗa shi da hannu ka ji ya ɗauru.

Malam Na Idi-Araba:

Alhaji, a ƙara da ɓangaren addini, tunda nama ne za a ci. A cikin Risala an ce farauta don wasa kawai makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba halal ce, don haka a gyara niyya, a tabbatar naman zai shiga bakin mutane. Ana yin Bismillah ne lokacin jan kunama. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke Bukhari da Muslim, abin da makami ya huda ana ci, wanda ya buge da faɗinsa ya mutu ba a ci. A kan haka malamai da yawa na baya-baya, har da na Malikiyya, suka halatta abin da harsashi ya kashe, tunda yana hudawa yana zubar da jini. In an iske dabbar da sauran rai tabbatacce kuma ana iya kama ta, yanka ya wajaba. Ka tafi da wuƙa mai kaifi a jakar da ake aunawa, ka kuma sanar da jagora tun kafin a fita, don masu fiɗa ba sa son a yanka wuyan da za a gyara fatarsa. In sun san da maganar za su shirya. Jakin dawa halal ne. Gadu kuwa, wanda suke yawan sakawa a yarjejeniya kamar gyara, aladen daji ne, ka ce su musanya maka da wani.

Tsohon Maharbi (Mile 12):

Da wannan bayanin na sauko, Sajan ya yi gaskiya. Ga namu biyar na farko, ka ɗauki .308 mai abin rage ƙara. Amma eland wani abu ne daban. Babban namiji yana kai kilo 700 har ya wuce, kaurin ƙirjinsa kaɗai ya isa ya shanye ƙwayar giren 165 in ta shiga a karkace. Ana kashe shi da .308, amma sai ya ba da gefe sosai, a ƙasa da mita 150. In da gaske kake son sa, ka gwada duka bindigogin biyu ranar farko, ranar eland ka ɗauki .30-06 da Partition ɗin nan, in suna da giren 200 ma ya fi. A nan ne doguwar ƙwaya take aikinta.

Ɓauna kuwa, cire duka biyun daga lissafi. Ma'aunin da aka saba a yawancin ƙasashen farauta shi ne .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912: ƙwaya giren 300, gudun mita 770, ƙarfi sama da jul 5,700. A Namibiya mafi ƙarancin da doka ta yarda ga ɓauna jul 5,400 ne, .30-06 bai kai ko 4,000 ba. Ɓauna mai rauni ba gudu kawai yake yi ba, yakan laɓe a duhuwa ya jira mai bin sawunsa, kuma wanda ke gaba shi ne talaka mai bin sawu, ba kai ba. Bugun .375 ya kusa ninka na .30-06, ba bindigar da za a fara koyo da ita ba ce a tafiyar farko.

Bayan ka harba, kada ka ruga. Ka sake ɗanawa, ka riƙe wuri biyu da ido: inda dabbar take tsaye, da bishiyar da ta ɓace a bayanta. Ku je wurin farko a hankali, kada ka taka sawun, ka bar masu bin sawu a gaba, bindigarka a kulle bakinta sama. Jinin zai gaya muku abin da ya faru. Ja mai haske da kumfa, huhu ne, minti 10 zuwa 15 ya isa, da wuya ta wuce mita 100. Ja mai duhu ba kumfa, hanta ce, ku ba ta aƙalla awa ɗaya. In kun ga ruwa-ruwa kore da ɓarɓashin ciyawa mai wari, tumbi ne, a nan haƙuri ake yi na awanni, don in an matsa mata za ta tashi daga inda ta kwanta ta yi nisa, in an ƙyale ta jikinta zai sandare a wurin. Ɓaraguzan ƙashi da jini kaɗan kuwa ƙafa ce, wannan ba a jira, ana sakin kare a bi ta nan take. In kun iske ta kwance, ta bayan ƙeya ake zuwa mata, ba ta gaban ƙaho ko ƙafafu ba, a taɓa idonta da tsinin sanda kafin kowa ya sa hannu.